Ƙishirwa a Bakin Rijiya: Nazari kan Tattakin Mutuwa na Bataan, 1942

A gefen titin da ya taso daga garin Mariveles ya miƙe arewa, a yankin Bataan na ƙasar Filifin, akwai rijiyoyin burtsatse irin waɗanda ruwansu ke bulbulowa da kansa ba sai an buga ba. A watan Afrilu na 1942 ruwan nan yana zuba dare da rana, yana malala a kwata. Ta gaban rijiyoyin sojojin Japan, a Yaƙin Duniya na Biyu, suka kora dubun dubatar fursunonin yaƙi, 'yan Filifin da Amurkawa, cikin zafin da ya yi kama da bazararmu, kuma yawancin waɗanda suka rayu suka ba da labari, a kan rijiyoyin nan suke daɗewa. Mutum ya wuni bai sa ruwa a baki ba, ga shi yana gani, yana jin ƙarar zubarsa. In ya fita daga sahu ya ruga, a harbe shi ko a soke shi da banati. Wani lokaci kuma a tsayar da ayarin a bakin kududdufin da ɓauna ke birgima a ciki, a ce su sha.

Da wannan na fara domin shi ne abin da ya fi wuyar kare wa. Masu neman yi wa rundunar Japan uzuri sukan ce ba ta shirya wa yawan mutanen da suka faɗo hannunta ba, kuma gaskiya ne ba ta shirya ba. Rashin shiri yana iya bayyana dalilin ƙarancin shinkafa da motoci da magani. Ruwan rijiya kuwa ba daga Tokyo za a yo odarsa ba.

Yadda aka kai ga miƙa wuya

Filifin a lokacin tana ƙarƙashin Amurka. Sa'o'i kaɗan bayan harin da Japan ta kai wa sansanin jiragen ruwan Amurka na Pearl Harbor, ranar 8 ga Disamba 1941, jiragen Japan suka tarar da jiragen yaƙin Amurka a jere a filin Clark, suka ƙone mafi yawansu a ƙasa. Ranar 22 ga wata babbar rundunar Janar Masaharu Homma ta sauka a gaɓar Lingayen. Tsohon tsarin Amurkawa shi ne, in hari ya zo, a janye zuwa Bataan, wani zirin ƙasa mai duwatsu da kurmi da ya kutsa cikin teku a bakin mashigin Manila, a kafe a can har agaji ya iso. An yi lissafin abincin mutum 43,000 na wata shida. Amma Janar Douglas MacArthur ya ture tsarin, ya ce a gaɓar teku za a tare abokan gaba, aka rarraba kayan abinci zuwa rumbunan da ke kusa da gaɓa. Da tarewar ta gagara sai ya koma kan tsohon tsari a gurguje. Sojoji sun samu sun shige Bataan, abincin ne aka bari a baya. Waɗanda suka shiga kuwa sun kai soja 80,000, ga fararen hula 'yan gudun hijira wajen 26,000.

Tun farkon Janairu aka raba rabon abincin kowane soja biyu, daga baya aka ƙara ragewa. Aka cinye ɓaunayen manoma, aka cinye dawakan rundunar mahaya da alfadaran dakon kaya, har aka kai ga birai da macizai. Maganin kwinin ya ƙare, zazzaɓin cizon sauro ya bazu, ga atini, ga kumburin ƙafa da rashin abinci mai gina jiki ke kawowa. Agajin da aka yi ta alkawari bai taso ba, domin Amurka ta riga ta yanke cewa da Jamus za ta fara. Ranar 11 ga Maris MacArthur ya bar tsibirin Corregidor bisa umurnin Shugaba Roosevelt, ya nufi Ostireliya, ya bar Janar Jonathan Wainwright.

Homma ma ba a kan gadon daɗi yake ba. Kwana 50 aka ba shi ya gama da Filifin, sannan aka ɗauke masa runduna mafi ƙwarewa aka tura ta tsibirin Java, a Indonesiya ta yau. Bataan ta tsaya masa a maƙoshi wata uku, manyansa a Tokyo suna ta zuba masa ido. Da ƙarin dakaru suka iso, ya buɗe wuta ranar 3 ga Afrilu a kan tsaunin Samat, cikin 'yan kwanaki sahun masu tsaro ya watse. Manjo Janar Edward King, wanda ke riƙe da dakarun Bataan, yana da umurnin kada ya miƙa wuya. Ya duba ya ga gaba kura baya siyaki: bayansa teku, asibitocinsa cike da dubban majinyata a fili, mutanensa ba su iya ɗaga bindiga. Ranar 9 ga Afrilu ya ɗauki alhakin a kansa shi kaɗai, ya tafi da farin ƙyalle. Ba a taɓa samun rundunar da ke ƙarƙashin tutar Amurka mai yawan haka da ta miƙa wuya ba: mutum 75,000 zuwa 78,000, Amurkawa kimanin 12,000, sauran duk 'yan Filifin.

A wurin zaman, King ya gaya wa Kanar Motoo Nakayama, wakilin Homma, cewa ya ajiye motoci da mai da gangan domin a kwashe mutanensa zuwa duk inda Japanawa suka ga dama. Ba a saurare shi ba. Ya nemi tabbacin za a riƙe su yadda ake riƙe fursunonin yaƙi, amsar da ya samu ita ce su Japanawa ba mutanen daji ba ne.

Tsarin da ke a takarda

Akwai tsari, kuma in mutum ya karanta shi ba tare da sanin abin da ya biyo baya ba, ba zai ga mugunta a cikinsa ba. A ƙarshen Maris aka ɗora wa Manjo Janar Kawane, mai kula da sufuri, aikin kwashe fursunoni. Za a tattara su a garin Balanga da ƙafa, kowa da guzurinsa. Daga can a kai su San Fernando inda tashar jirgin ƙasa take, da wuraren ciyarwa a Orani da Lubao, da asibitocin tafi-da-gidanka, da motoci wajen 200. Daga San Fernando jirgi ya kai su Capas, su ƙarasa sansanin O'Donnell da ƙafa.

Zato uku aka gina tsarin a kansu, duka ukun ba daidai ba. An zaci fursunonin ba za su wuce 25,000 ba, sai ga ninki uku. An zaci za a kai ƙarshen Afrilu ana yaƙi, sai Bataan ta faɗi cikin mako guda, ba a gama kafa komai ba. An kuma zaci lafiyayyun sojoji ne masu guzuri a jaka. Sojan ƙasa na Japan a ƙafa yake yin yaƙinsa, tafiyar kilomita 30 a yini ba abin magana ba ce a wurinsa, don haka hafsoshin ba su ga abin tayar da hankali a tafiyar ba. Da ido ya nuna musu cewa waɗannan mutane ƙashi da rai ne, ba wanda ya koma ya gyara lissafin. Hankalin Homma yana kan Corregidor, tsibirin da ke 'yan kilomitoci daga bakin Bataan, wanda har yanzu igwoyinsa ke hana jiragen ruwan Japan shiga Manila. Yana buƙatar kudancin Bataan ya jera nasa igwoyin, fursunonin kuwa sun tare masa hanya. Abin da ake so kawai su gusa, da sauri.

Ka lura, sau biyu ke nan ana kuskuren ƙidayar mutanen nan: nasu shugabannin sun tanadi abincin rabinsu, masu kama su sun tanadi na kashi ɗaya cikin uku.

A kan hanya

Daga Mariveles zuwa San Fernando kimanin kilomita 105 ne, wato Kaduna zuwa Zariya da ɗoriya. Wasu sun taso daga Bagac a yammacin zirin, suka haɗe da babban titi kusa da Balanga. Ba ayari ɗaya ba ne. Rukuni-rukuni aka riƙa sakowa, ɗaruruwa a kowane, daga ranar 10 ga Afrilu har tsawon kusan mako biyu, kuma kowane rukuni ya yi kwana biyar zuwa goma a hanya gwargwadon inda ya taso. Wannan ya sa labaran waɗanda suka rayu suka bambanta. Akwai waɗanda aka ɗauka a mota tun daga farko har ƙarshe. Akwai waɗanda masu tsaronsu suka bar su suka sha ruwa, har aka miƙa musu taba. Akwai kuma waɗanda suka ga abin da ba su iya faɗa wa iyalansu ba har suka mutu. Ana canza masu tsaro bayan 'yan kilomitoci, sababbi su karɓa da ƙarfinsu, fursunonin kuwa su ne dai. Rayuwar mutum ta dogara ne kan wanda Allah ya haɗa shi da shi a wannan zangon.

Da bincike aka fara. Agogo, zobe, alƙalami, bargo, gorar ruwa, duk aka kwashe. Wanda aka samu da kuɗin Japan ko wani ɗan abu mai tambarin Japan a aljihunsa, sai a ce daga gawar sojansu ya cira, a kashe shi nan take. Labarin ya bi sahu da raɗa, mutane suka riƙa zubar da abin da ke aljihunsu.

Sai titin kansa. Ƙura ce har idon sawu, kuma ayarin motoci da tankoki da dakarun Japan suna kwararowa kudu domin yaƙin Corregidor, fursunoni suna hawa arewa a gefe. Sojan da ke kan mota yakan miƙo gindin bindiga ko sandar gora ya maka wa na kusa a kai, don nishaɗi. Wanda ya faɗi a tsakiyar titi, motoci ba sa kauce masa. A wajen Cabcaben harsasan igwar Corregidor, na 'yan'uwansu, suna faɗowa kusa da su, domin Japanawa sun kafa nasu igwoyin daf da inda ayarin ke wucewa.

Ƙa'idar tafiyar ɗaya ce: wanda ya kasa, ya mutu. A bayan wasu rukunonin akwai 'yan sojoji masu bi suna ƙarasa duk wanda ya zube, waɗanda ke gaba suna jin harbin ɗai-ɗai. Mutum biyu su rataya abokinsu a kafaɗa su ja shi kilomita biyar, goma, har su ma ƙafa ta fara rawa, sai su ajiye shi. Mai atini ba shi da izinin fita sahu ya kama ruwa, a wandonsa zai yi yana tafiya. A kotu daga baya an ba da shaidar yadda aka tilasta wa fursunoni binne 'yan'uwansu da sauran numfashi.

Akwai kuma horon rana. A tsayar da rukuni a fili, a cire musu huluna, a zaunar da su sa'o'i a tsakiyar rana, sau da yawa kusa da inuwa ko kusa da ruwa. Wannan ba ya hanzarta tafiya, jinkirta ta ma yake yi. Duk wanda ya ce gaggawa ce ta jawo abin da ya faru, sai ya faɗa mana inda gaggawar take a nan.

Wuraren kwana ba hutu ba ne. A Balanga da Orani an cusa su cikin filayen da aka kewaye da waya mai ƙaya, inda rukunonin baya suka bar ƙazanta da gawarwaki. A Lubao wani sito ne na kwano, aka tura dubbai a ciki aka rufe ƙofa. Abinci, in an samu, dunƙulen shinkafa ɗaya ne, wasu kuma sai da suka yi kwanaki kafin su gan shi.

Mutanen garuruwan da aka ratsa sun cancanci a ambace su. 'Ya'yansu ne da mazajensu ke wucewa. Mata da yara suka riƙa jera tulunan ruwa a bakin titi, suna jefa rake da dafaffiyar shinkafa a naɗe cikin ganyen ayaba, masu tsaro suna shure tulunan suna dukan masu kawowa, an kuma kashe wasu a kan haka. Wata ta ja soja cikin taro ta yafa masa tufafin gida, ya ɓace. Dubban 'yan Filifin ta haka suka tsira, da yawansu suka shiga daji suka zama 'yan sari-ka-noƙe. Ba'amurke kuwa fatarsa ta hana shi sajewa.

Kogin Pantingan

Abin da ya faru ranar 12 ga Afrilu a bakin kogin Pantingan ya fita daban, domin a nan ba gajiya ba ce, ba fushin wani kurtu ba ne. An ware hafsoshi da masu igiya na runduna ta 91 ta sojan Filifin, mutum 350 zuwa 400, aka sallami ƙananan sojoji suka ci gaba. Aka ɗaure hannuwansu da wayar tarho, aka jera su a bakin kwazazzabo. Hafsoshin Japan suka fara daga wannan gefe da takubba, sojoji daga wancan da banati. 'Yan ƙalilan da suka rayu a ƙarƙashin gawarwaki, su suka ba da labari.

Sunan da ke yawan fitowa a nan shi ne Laftanar Kanar Masanobu Tsuji, hafsan tsare-tsare da aka turo daga babbar hedikwata. Shi ne ya tsara mamayar Malaya, kuma ana danganta shi da kisan gillar da aka yi wa 'yan Sin a Singafo watanni biyu kafin nan. Ra'ayinsa shi ne yaƙin na launin fata ne: a kashe Turawa domin 'yan mulkin mallaka ne, a kashe 'yan Filifin domin sun ci amanar Asiya. Ba shi da ikon ba da umurni a rundunar Homma, amma sai saƙonni suka riƙa isa ga kwamandoji ta tarho da sunan hedikwatar Sarkin Japan, cewa a kashe fursunoni.

Ba kowa ya bi ba. Kanar Takeo Imai, kamar yadda ya ba da labari bayan yaƙi, ya ce sai an kawo masa umurnin a rubuce. Kafin wani abu ya iso, ya sa aka saki fursunonin da ke hannunsa, sama da dubu, aka nuna musu hanyar fita. Takardar ba ta taɓa zuwa ba. Ina ganin labarin Imai ya fi kowace hujja nauyi a kan sauran hafsoshin, don ya nuna cewa ƙin bin irin wannan umurni abu ne mai yiwuwa, kuma wanda ya ƙi bai rasa ransa ba.

Daga ina wannan hali ya fito?

Amsa mai sauƙi ita ce a ce halin Japanawa ne, kuma amsar banza ce. A yaƙinsu da Rasha na 1904 zuwa 1905 sun riƙe fursunoni fiye da 70,000, duniya ta yaba musu. A Yaƙin Duniya na Farko Jamusawan da suka tsare a sansanin Bando suna da ƙungiyar makaɗa da gidan burodi, wasunsu ma suka zaɓi zama a Japan bayan an sake su. Tsakanin wancan lokaci da 1942 aka sauya tarbiyyar rundunar. Aka maida miƙa wuya abin kunyar da ke shafar mutum da zuri'arsa. A Janairun 1941 Hideki Tojo, yana ministan soja, ya fitar da ƙa'idar fagen fama wadda ta hori soja kada ya rayu ya ɗanɗani wulaƙancin zama fursuna. Tsofaffin sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka kara da wannan rundunar a dazukan Bama, sun ga irin tarbiyyar da idonsu: da wuya a kama Bajafane da rai. To wanda aka koya wa cewa ransa ba ya da daraja in ya ɗaga hannu, wace daraja zai ga a ran wanda ya ɗaga masa hannu?

A cikin barikin ma duka ne harshen horo. Hafsa ya mari saje, saje ya mari kofur, kofur ya mari kurtu. Kurtu ba shi da wanda zai mara sai ranar da aka ba shi fursuna. Ga shekaru huɗu na yaƙin Sin, inda kashe kamammu ya zama ruwan dare ba tare da an hukunta kowa ba. Ga kuma haushin abokan da suka mutu a Bataan cikin wata ukun nan.

Ta fuskar doka, Japan ta sa hannu a yarjejeniyar Jeniba ta 1929 kan fursunonin yaƙi amma ba ta tabbatar da ita ba. Sai dai a farkon 1942 ta aika wa Amurka ta hannun Suwizalan cewa za ta yi aiki da ita gwargwadon hali, kuma tun da can tana cikin yarjejeniyar Hague ta 1907, wadda ta wajabta riƙon mutunci. Ta 1929 ɗin har adadi ta faɗa: kada a tafiyar da fursuna a ƙafa fiye da kilomita 20 a yini, sai dai in don a kai ga ruwa da abinci ne. Alƙaluman da aka gabatar a kotun Tokyo sun nuna sakamakon: cikin fursunonin Ingila da Amurka da Jamus da Italiya suka riƙe, kimanin kashi 4 cikin ɗari suka mutu, cikin waɗanda Japan ta riƙe, kashi 27.

Tarago da sansani

A San Fernando mutane sun zaci wahala ta ƙare da suka ga jirgi. Taragon kaya ne ƙanana, rufaffu, waɗanda suka wuni a rana. Wanda zai ɗauki mutum 40 aka cusa masa 100 aka ja ƙofa. Tafiyar sa'o'i ce zuwa Capas. Wasu sun mutu a tsaye, ba wurin faɗuwa, sai da aka buɗe ƙofa aka gane. Daga Capas kuma sauran kilomita goma da 'yan kai a ƙafa.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. O'Donnell barikin horar da sojan Filifin ne da ba a gama ginawa ba, an yi shi don mutum wajen 10,000, aka zuba masa sama da 50,000. Kwamandansa, Kyaftin Yoshio Tsuneyoshi, yakan hau kan dandamali ya tarbi kowane rukuni da jawabi, ya gaya musu su ba fursunonin yaƙi ba ne, kamammu ne, kuma abokan gaban Japan har abada. A nan ma ruwa ne. A ɓangaren Amurkawa dubbai ke layi a famfo ɗaya, mutum ya tsaya sa'o'i da gorarsa, wani ya mutu a layin a matsar da shi gefe. Kayan magani da ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Filifin ta kawo ƙofa ba a bari sun isa ga majinyata ba. A kwanakin da abin ya fi tsanani 'yan Filifin ɗari uku zuwa huɗu ke mutuwa a yini. Masu haƙa kabari yau, su ake binnewa jibi, kuma da damina ta sauka ramukan suka riƙa cika da ruwa suna taso da gawa. Cikin 'yan watanni Amurkawa wajen 1,500 da 'yan Filifin sama da 20,000 suka mutu a can, wato sansanin ya ci mutane fiye da hanyar.

A watan Yuni aka kwashe Amurkawa zuwa sansanin Cabanatuan, aka fara sakin 'yan Filifin bisa rantsuwar ba za su sake ɗaukar makami ba. Amurkawan da suka rage, da yawansu aka loda su a cikin jiragen ruwan kaya marasa alama zuwa ma'adinai da masana'antun Japan da Manchuriya. Ɗaya daga ciki, Arisan Maru, jirgin ƙarƙashin ruwa na Amurka ya nutsar da shi a Oktoban 1944 da fursunoni wajen 1,800, mutum tara suka rayu.

Duniya ba ta ji labarin ba sai a makare. A Afrilun 1943 wani matuƙin jirgin yaƙi, William Dyess, ya tsere daga gidan yarin Davao tare da Amurkawa tara da 'yan Filifin biyu. Gwamnatin Amurka ta danne bayaninsu watanni, tana tsoron a rama a kan sauran fursunoni, sai a ƙarshen Janairun 1944 ta sake shi. Dyess bai ga fitowarsa ba, ya mutu a hatsarin jirgi wata guda kafin nan.

Wa aka kama, wa ya sha

Homma mutum ne da ke rikita mai nazari. Ya yi shekaru tare da sojan Ingila, yana jin Turanci, yana rubuta waƙoƙi, kuma abokan aikinsa suna zarginsa da sassauci ga 'yan Filifin. Saboda jinkirinsa a Bataan aka janye shi a watan Agusta 1942, bai sake riƙe runduna ba. An gurfanar da shi a Manila ranar 3 ga Janairu 1946. Ba a nuna cewa ya ba da umurnin kisa ba. Abin da aka tuhume shi da shi shi ne ya bar dakarunsa suka aikata, alhali haƙƙinsa ne ya sani ya hana. Ya ce bai san girman abin ba. Masu gabatar da ƙara suka ce hedikwatarsa tana kusa da titin, gawarwaki kuwa ba a ɓoye suke ba. Ranar 11 ga Fabrairu aka same shi da laifi, aka harbe shi ranar 3 ga Afrilu, shekara huɗu cif da ranar da ya buɗe wuta a kan Samat.

Shari'ar tana da tabo. MacArthur, mutumin da Homma ya kora daga Filifin, shi ya kafa kotun, ƙa'idojinta nasa ne, shi ne kuma mai tabbatar da hukunci. Alƙalai biyu na Kotun Ƙolin Amurka, Frank Murphy da Wiley Rutledge, sun ƙi amincewa, Murphy yana gargaɗin kada ramuwar gayya ta sa rigar shari'a. Ina tare da su kan yadda aka gudanar da zaman. Amma ban ga yadda za a wanke Homma ba. Kwamandan da ya karɓi mutum 75,000 sannan bai bi diddigin halin da suke ciki ba, rashin saninsa zaɓi ne. Yarjejeniyar Jeniba ta 1949 ta zo ta rubuta abin ɓaro-ɓaro: a kwashe fursunoni cikin yanayi irin na dakarun mai kamun, a ba su isasshen abinci da ruwan sha da magani, a kuma rubuta sunayensu tun a hanya.

Kawane da wani mataimakinsa, Kanar Kurataro Hirano, an rataye su a 1949. Tsuneyoshi ya samu ɗaurin rai-da-rai. Tsuji kuwa, an ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wannan ko ɗigo bai taɓa shi ba. Ya ɓuya a Tailan cikin shigar malamin addinin Buda, ya ratsa Sin, ya koma gida a ɓoye, ya fito fili da aka daina nemansa. Ya rubuta littattafan da suka yi kasuwa, aka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin Japan a 1952. A 1961 ya tafi Laos, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Saura batun sunaye. In ka tambayi Amurkawa nawa suka mutu a kan titin, za a ce maka 500 zuwa 650. In ka tambayi 'yan Filifin nawa, sai a ce tsakanin 5,000 da 18,000. Tazarar 13,000 ce, kuma kowane ɗaya a cikinta ɗan wani ne. Yawancinsu samarin ƙauye ne da aka ɗauka 'yan watanni kafin yaƙi, takardun rundunoninsu sun salwanta, ba a rubuta su a farkon tafiya ba, balle a san wa ya gudu wa ya faɗi. Su ne biyar cikin kowane shida na waɗanda suka yi tattakin, amma labarin da ya zaga duniya na Amurkawa ne. Lokacin da jakadan Japan a Amurka, Ichiro Fujisaki, ya nemi afuwa a 2009, a taron tsofaffin sojojin Amurka a San Antonio ya yi.

Roosevelt ne ya sa sojan Filifin ƙarƙashin rundunar Amurka a Yulin 1941, suka yi rantsuwa, suka yi yaƙi bisa fahimtar cewa haƙƙinsu ɗaya da na Amurkawa. Ranar 18 ga Fabrairu 1946, mako guda bayan an yanke wa Homma hukunci a kan abin da aka yi musu, Shugaba Truman ya sa hannu a dokar da ta ce hidimarsu ba ta cikin wadda ake biya wa haƙƙoƙin tsofaffin sojoji. Sai a 2009 majalisar Amurka ta amince a ba waɗanda suka rage kuɗi sau ɗaya: dala 15,000 ga wanda ya zama ɗan Amurka, dala 9,000 ga wanda bai zama ba. Wanda ya yi tattakin yana ɗan shekara 20, a lokacin yana da 87.